Yadda ake sa fitofilankton cikin tsarin rabon teku

Tambaya: Ina cikin kwamitin da aka ɗora wa alhakin tsara yadda za a raba amfani da wani yanki na teku tsakanin masunta, jiragen dakon kaya, masu kiwon kifi da kawa, da kamfanonin da ke son kafa fankokin samar da lantarki daga iska. Mun riga mun zana hanyoyin jirage da wuraren kamun kifi da inda murjani da ciyawar ƙasan teku suke. Sai wata masaniyar halittun ruwa a cikinmu ta ce shirin bai cika ba, tunda ba mu yi la'akari da fitofilankton ba. Abin da ido ba ya gani, kuma ruwa ke yawo da shi, ta yaya za a sa shi a taswira? Ya ma cancanci wahalar?

Amsa: Malam, abokiyar aikin taku tana da gaskiya, kai ma kuma damuwarka tana kan hanya. Ba za ku iya shata wa fitofilankton iyaka yadda kuka shata wa murjani ba. Kwamitin da ya gwada haka zai tashi da kyakkyawar taswira mai launin kore wadda ba wanda zai yanke hukunci da ita. Abin da ake sawa a taswira shi ne abubuwan da ke haifar da shi, da lokutan da yake bunƙasa, da ayyukan mutane da ke iya jirkita shi. Waɗannan suna da wuraren da aka san su da su, kuma da yawansu ba sa gusawa sosai daga shekara zuwa shekara.

Fitofilankton tarin halittu ne 'yan mitsi-mitsi, galibinsu masu ƙwayar halitta ɗaya, da ke shawagi a saman teku iya inda hasken rana ke kaiwa. A ruwa mafi garau wannan bai cika wuce zurfin mita 200 ba, a bakin gaɓa mai laka kuwa wani lokaci 'yan mitoci ne kawai. Suna haɗa abincinsu da hasken rana da iskar kabon, kamar yadda ganye ke yi. Akwai dayatom masu ɓawon silika, wato sinadarin da ke cikin yashi da gilashi, akwai dainofilajelet masu 'yar wutsiyar iyo, akwai masu sulken alli, akwai kuma Prochlorococcus, wanda sai a shekarun 1980 aka gano shi saboda ƙanƙantarsa, alhali ba wata halitta mai haɗa abinci da haske da ta kai shi yawa a duniya. Idan aka haɗa nauyinsu duka, bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyin tsirran duniya ba. Duk da haka su ke samar da kusan rabin abincin da ake haɗawa daga hasken rana a duniya baki ɗaya, wajen tan biliyan 50 na kabon a shekara. Abin da ya ba su wannan ƙarfi shi ne saurin sabuntawa: bishiya na iya shekara ɗari a tsaye, su kuwa cikin kusan mako guda an cinye na da, sababbi sun maye gurbinsu.

Ka riƙe wannan da kyau, domin a nan masu tsari da yawa ke tuntuɓe. Yawan fitofilankton da aka auna a ruwa yau abu ne daban da yawan wanda ruwan ke samarwa. Ana iya samun wuri mai ɗan kaɗan a ido saboda ƙananan dabbobin ruwa na cinye shi da zarar ya fito, wurin kuma shi ne ke ciyar da kifi. Ana iya samun wani wurin ya yi kore shar saboda irin da ya cika shi ba wanda ke ci.

Amfani na farko, wanda kwamitinku ya riga ya zana ba tare da ya ambaci sunansa ba, shi ne kifi. Ƙananan dabbobin ruwa masu shawagi su ci fitofilankton, ƙananan kifi su ci su, manya su ci ƙanana, kuma a kowane mataki kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai ke wucewa sama. Shi ya sa kifin duniya bai bazu daidai wa daida ba. Akwai manyan yankuna huɗu da iska ke ture ruwan sama daga gaɓa, ruwan ƙasa mai sanyi da taki ya taso ya maye gurbinsa: gaɓar Peru da Chile, gaɓar Kalifoniya, gaɓar Maroko zuwa Senegal, da gaɓar Namibiya da Afirka ta Kudu. Faɗinsu duka bai wuce kashi 1 cikin 100 na teku ba, amma kusan kashi 20 cikin 100 na kifin da ake kamawa a teku daga can yake fitowa. A 1970 Peru ta kama ƙaramin kifin nan ancobi wajen tan miliyan 12. A 1972 yanayin El Nino ya kwantar da ruwan ɗumi a saman yankin, takin ƙasa ya daina isowa inda haske yake, wannan ya haɗu da kamun da ya riga ya wuce kima, sana'ar ta durƙushe ta ɗauki shekaru ba ta farfaɗo ba.

Ba yawa kaɗai ke aiki ba, har da iri da lokaci. Inda manyan dayatom suka fi yawa, mataki ɗaya ko biyu ne tsakaninsu da kifin sadin. Inda 'yan ƙanana suka mamaye, sai abincin ya ratsa matakai huɗu ko biyar kafin ya isa bakin kifin da za a kama, kuma kowane mataki na cin nasa kason. Game da lokaci, 'ya'yan kifi da suka ƙyanƙyashe suna da 'yan kwanaki ne kacal bayan gwaiduwarsu ta ƙare su sami abinci ko su mutu. Idan bunƙasar fitofilankton ta riga su da makonni, ko ta makara, kifin wannan shekarar zai yi ƙaranci, masunta kuma ba za su ji a jikinsu ba sai bayan shekara biyu ko uku. Masanin kifi na Ingila David Cushing shi ya shahara da bayyana wannan dacewa da rashin dacewar lokaci. Taswirar da ta nuna wuri ba ta nuna wata ba, rabin labarin kawai ta ɗauko.

Amfani na biyu shi ne kabon. Wani kaso na abin da fitofilankton ya haɗa yana nutsewa, ko dai matattun ƙwayoyin ko kashin dabbobin da suka ci su, ya kai kabon can ƙasa inda zai iya ɗaukar ɗaruruwan shekaru bai dawo sama ba. Ƙididdigar masana ta bambanta, amma ana maganar tan biliyan 5 zuwa 12 a shekara. Wannan hidima ce ga duniya baki ɗaya, sai dai yawancinta a tsakiyar teku take faruwa, nesa da ikon kowane kwamiti. Abin da ya shafe ku a ciki shi ne tabon ƙasan teku inda wannan kabon ke taruwa kusa da gaɓa, wanda jan koma a ƙasa da yasar yashi ke tayarwa.

Akwai hujja ɗaya da nake roƙon ku kada ku dogara da ita, ko da yake ita aka fi ji: wai rabin iskar da muke shaƙa daga teku take, don haka idan fitofilankton ya ragu numfashi zai gagara. Gaskiya ne suna samar da kusan rabin oksijin ɗin da ake samarwa kowace shekara, amma kusan dukkansa halittun teku ne ke shaƙe shi a nan cikin ruwan. Oksijin ɗin da ke sararin sama ya taru ne cikin miliyoyin shekaru, kuma yawansa ya fi ƙarfin abin da wani shiri zai taɓa. Injiniyan kamfanin lantarki da ya san wannan zai rusa hujjar cikin minti ɗaya, daga nan kuma ya sa a yi shakkar sauran maganganunku masu inganci. Oksijin ɗin da ya kamata ya hana ku barci shi ne na ruwan ƙasa a yankinku, zan zo kansa.

To me ya sa abu mai wannan nauyi yake faɗuwa daga shirye-shirye? Dalilin yana cikin yadda ake lissafin hidimomin muhalli. Babban binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki nauyi, wanda ya fito a 2005, ya kasa su gida huɗu: masu samar da kaya kamar kifi, masu daidaita yanayi, masu alaƙa da al'ada da nishaɗi, da masu tallafa wa sauran ukun. Aikin fitofilankton yawancinsa a gida na huɗu yake. Daga baya masu lissafin tattalin arziki suka ga cewa idan aka sa wa kifi kuɗi, aka kuma sa wa abincin kifin kuɗi, an ƙirga abu ɗaya sau biyu. Don haka tsarin rarrabawar da Tarayyar Turai ke amfani da shi ya tsaya kan hidimar ƙarshe da ta isa hannun mutum. A lissafi wannan daidai ne. A teburin tsari kuwa, abin da ba shi da layi a jadawali ba ya samun mai kare shi. Ni ban ga amfanin ƙirƙiro wa fitofilankton farashi ba. Adadin zai fito da girman da ba wanda zai gaskata. Abin da ya fi shi ne a ɗauki kowace hidima da kuka riga kuka amince da ita, a bi ta baya har tushe. Wannan kifin a ina yake ƙyanƙyasa, a wane wata, me 'ya'yansa ke ci, wane motsin ruwa ke kawo abincin? Gonar kawar nan, daga ina ruwan da ke ciyar da ita ke zuwa? Da an yi haka, fitofilankton ya shiga shirin a matsayin sharaɗin da sauran suka rataya a kai.

Makiyayi ba ya ƙirga ƙwayar ciyawa, kuma ba ya kafa mata shinge, amma ya san fadamar da ke riƙe danshi har rani, ya san watan da take tsirowa, ya san abin da zai faru idan aka toshe rafin da ke shayar da ita. Irin wannan sanin ake nema a teku. Wuraren da za ku zana su ne inda ruwan ƙasa ke tasowa, da bakin koguna da iya inda ruwansu ke kaiwa, da gefen da ƙasan teku ke gangarawa zuwa zurfi, da tuddan ƙarƙashin ruwa, da mahaɗar ruwa biyu, wato layin da ruwan da igiya ke gaurayawa ya haɗu da ruwan da ya kwanta hawa-hawa, mai ɗumi a sama mai sanyi a ƙasa. A irin wannan mahaɗa ake samun haske da taki a wuri guda, shi ya sa kifi da tsuntsayen teku ke taruwa a can. Tunda surar ƙasan teku da ƙarfin igiya ne ke tsaida wurinta, takan dawo kusan wuri ɗaya kowace shekara. Kuna da madogara ta ƙasa da ƙasa a kan haka: a 2008 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar kare bambancin halittu sun amince da ma'aunai 7 na gane yankunan teku masu muhimmanci, ɗaya daga ciki shi ne yawan abincin da yankin ke samarwa.

Norway ta yi wannan a aikace. Shirinta na Tekun Barents na 2006 ya ware bakin ƙanƙara, inda narkewar bazara ke tayar da bunƙasa mai ƙarfi, a matsayin yanki mai daraja da rauni, aka taƙaita aikin haƙar mai a can. Amma bakin ƙanƙara na gusawa, don haka dole a zaɓi layi. Na farko an ja shi inda ake samun ƙanƙara a kashi 30 cikin 100 na kwanakin Afrilu. A 2020 aka mayar da shi kashi 15 cikin 100, alhali wasu cibiyoyin bincike na ƙasar sun nemi kashi 0.5, wanda zai tura layin kudu sosai ya rufe filaye da yawa ga kamfanonin mai. Na kawo wannan ne don ka san cewa kimiyya za ta ba ku yiwuwar samun abu a wuri, amma zaɓen inda za a ja layi hukunci ne na mutane, kuma gara a yi shi a fili kowa ya ga dalili.

Wasu wuraren ba sa tsayuwa ko kaɗan. A arewacin Tekun Fasifik akwai layin da ruwa mai ƙarancin fitofilankton ke haɗuwa da mai yawa. Tsawonsa ya kai kilomita 8,000, kuma yana gusawa kudu da arewa wajen kilomita 1,000 tsakanin hunturu da bazara, kunkurun teku da kifin tuna na biye da shi. Irin wannan ba a kama shi da yanki tsayayye. Ana kama shi da doka mai bin yanayi, wadda ke cewa duk inda zafin ruwa da launinsa suka kai kaza, a wannan makon ga abin da aka hana. Tun 2006 ake ba masuntan Hawayi taswirar da ke nuna inda suka fi haɗarin kama kunkuru, Indiya kuma ta daɗe tana aika wa masuntanta bayanin wuraren da ake sa ran kifi bisa zafin ruwa da kulorofil, wato koren sinadarin da ke nuna yawan fitofilankton, da tauraron ɗan'adam ya gani. Shirinku zai iya haɗa biyun: yankuna tsayayyu ga abin da ke tsaye, dokokin wata-wata ga abin da ke yawo.

Yanzu ga ɓangaren da na fi so ku daɗe a kansa. A wannan fage yawa ba alheri ba ne kullum. Fitofilankton na buƙatar kabon da naitirojin da fosfaras a kan kimanin 106 da 16 da 1, ma'aunin da ake kira da sunan masanin teku Alfred Redfield. Idan takin gona da ruwan bahaya suka kwararo da naitirojin da fosfaras fiye da kima, sai a yi bunƙasar da ta fi ƙarfin masu ci. Ragowar ta nutse, ƙwayoyin bakteriya su ruɓar da ita, su shanye oksijin ɗin ruwan ƙasa. Idan ruwan ya kwanta hawa-hawa, iskar sama ba ta isa can, duk abin da ba zai iya gudu ba ya mutu. A 2017 yankin da ya rasa oksijin a Tekun Meksiko, gaban bakin kogin Misisipi, ya kai murabba'in kilomita kusan 22,700, kuma takin da ya jawo shi daga gonakin da ke nesa da teku da ɗaruruwan kilomita ya fito. A tafkin gishiri na Mar Menor a Sifaniya, ruwan ya rine kore a 2016, haske ya daina isa ƙasa, kusan kashi 85 cikin 100 na ciyawar ƙasan tafkin ta mutu. Ka lura, wannan ita ce irin ciyawar da kuka zana a taswirarku kuna ganin kun kare ta. Ba jirgi ko koma ce ta kashe ta ba, inuwa ce.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma sau da yawa dalilin yana kan tudu. Ragi ma na yin ɓarna kamar ƙari. Kafin a gina babbar madatsar Aswan, ambaliyar kogin Nilu na kai taki gabashin Bahar Rum kowace shekara, masuntan Masar na kama sadin wajen tan 18,000 a farkon shekarun 1960. Kafin ƙarshen shekarun abin ya faɗi ƙasa da tan 1,000. A kogin Danube kuma, madatsar da aka kammala a farkon shekarun 1970 ta riƙe silika, a daidai lokacin da naitirojin ke ƙaruwa, sai nau'o'in da ba sa buƙatar silika suka yi ta samun galaba a kan dayatom a Bahar Aswad. Ikon kwamitinku mai yiwuwa a bakin gaɓa ya tsaya. To ku nemi masu kula da koguna da noma da magudanan birni su zauna da ku tun yanzu. Dokar Tarayyar Turai ta 2014 kan tsarin teku ta wajabta wa ƙasashenta la'akari da cuɗanyar tudu da teku, kuma a ganina wannan ita ce jimla mafi wahalar cikawa a cikinta.

Sai nau'o'i masu dafi ko masu toshe mashaƙar kifi. Kaɗan ne a cikin dubbai, amma su ne ke shafar zaɓen wuri kai tsaye. A 1987 mutane fiye da 100 sun kwanta, uku sun rasu, bayan cin dangin kawa daga tsibirin Prince Edward na Kanada da suka tara dafin wani dayatom. A 2008 zuwa 2009 wata bunƙasa ta tilasta rufe masana'antun tace gishiri daga ruwan teku a Oman da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. A 2016 gonakin kifi a Chile sun yi asarar salmon fiye da miliyan 20, a 2019 kuma arewacin Norway ya rasa kusan miliyan 8. Kifin da ke cikin keji ba ya iya guduwa. Saboda haka kafin a ba da izinin gonar kifi ko bututun ɗibar ruwa, a duba tarihin wurin, a duba kwana nawa ruwan lungun ke ɗauka kafin ya sabunta. Wasu dainofilajelet na barin ƙwayoyin barci a cikin tabo har shekaru, don haka inda za a yashe tashar jirgi da inda za a zubar da tabon abin dubawa ne. Haka ma ruwan da jirage ke ɗauka don daidaita nauyi, wanda ke kwaso nau'o'i daga wata nahiya; yarjejeniyar da ta tsara shi an amince da ita a 2004, ta fara aiki a 2017.

Ayyuka biyu da ka ambata suna taɓa fitofilankton kai tsaye. Kawa da danginta ba a ba su abinci, tace shi suke yi daga ruwa, kuma babbar kawa guda na iya tace fiye da lita 100 a rana idan yanayi ya yi mata daɗi. Ke nan abincin da ke cikin lungun teku dukiya ce mai iyaka da ake rabawa tsakanin gonaki da halittun da ke wurin tun asali. Lissafin ba shi da sarƙaƙiya: a kwatanta kwanakin da kawar duka za su ɗauka su tace ruwan lungun, da kwanakin da ruwan ke ɗauka ya sabunta, da kwanakin da fitofilankton ke ɗauka ya ninka. Idan tacewa ta fi sauran biyun sauri, kawar kowa za ta rame. An ga haka a Marennes-Oléron na Faransa, inda cunkoso ya sa girman kawa ya yi ta jinkiri. Faɗin fili a taswira ba shi ke nuna gonaki nawa wuri zai ɗauka ba.

Fankokin lantarki kuma suna rage ƙarfin iska a bayansu har tsawon kilomitoci masu yawa, turakunsu na dama ruwan da ke wucewa. Duka biyun na canza yadda ruwa ke kwanciya hawa-hawa, wanda shi ke tsaida haɗuwar haske da taki. Wani lissafin kwaikwayo na kwamfuta da aka buga a 2022 kan Tekun Arewa ya nuna cewa manyan gonakin iska na iya ƙara ko rage abincin da ake samarwa da kusan kashi 10 cikin 100 a wasu wurare, har nesa da inda fankokin suke. Hasashe ne, ba awo ba, amma ya isa ya sa a yi hattara, musamman tunda ƙasashe tara na yankin sun sa wa kansu burin gigawat 300 zuwa 2050. Ina goyon bayan lantarkin iska ƙwarai. Abin da nake nema shi ne kada a jera fankoki a kan mahaɗar ruwa idan akwai wani wurin, kuma a auna tasirin gonakin a haɗe, domin kowace ɗaya ita kaɗai za ta ce nata kaɗan ne.

Bayanai fa? Sun fi yadda kake zato samuwa. Tun 1978 ake auna launin teku daga sama, kuma tun 1997, da tauraron SeaWiFS, ake da jerin awo da bai yanke ba. Sentinel-3 na Turai na iya bambance fili mai faɗin mita 300 kacal, PACE na Amurka da aka harba a 2024 kuma an ƙera shi ne don ya taimaka wajen bambance nau'o'i. Duk kyauta ake samun bayanansu. Da hotunan shekara 20 za ku iya fitar da taswirar kowane wata, da taswirar da ta fi muhimmanci, wadda ke nuna sau nawa wuri ya kasance mai albarka. Sai dai tauraro saman ruwa kawai yake gani. Gajimare na rufe shi, laka da ruwan kogi mai launi na ruɗa shi a daidai bakin gaɓa inda aka fi cunkoso, kuma a ruwa mai hawa-hawa fitofilankton kan taru a zurfin mita gommai inda ba ya hangowa. Dole a haɗa da awon cikin ruwa. Ko farin faifan nan mai faɗin santimita 30 da ake zurawa a ruwa har ya ɓace, wanda ake amfani da shi tun 1865, yana ba da labari mai daraja idan aka dage ana yi a wuri ɗaya kowane mako. Masunta ma sun san launin ruwa da watannin da yake juyawa. Ku tambaye su, ku rubuta.

Dagewar nan ce ke da tsada, kuma ita ake fara yankewa idan kuɗi ya yi ƙaranci. Na'urar tara filankton da Alister Hardy ya ƙirƙiro, wadda jiragen kasuwa ke ja a bayansu tun 1931, ita ta nuna cewa ƙananan dabbobin ruwan ɗumi sun matsa arewa wajen kilomita 1,000 cikin shekara 40 a arewa maso gabashin Atilantika, abincin 'ya'yan kifi a Tekun Arewa ya canza iri da lokaci. Ba wani binciken shekara uku da zai gano wannan. Ma'anarsa gare ku ita ce layukan da kuka ja yau za su tsufa. Dokar Turai ta ce a sake duba shiri aƙalla kowace shekara 10; ga abin da ya shafi ruwa mai motsi, ni zan so a riƙa duba alamomin kowace shekara, ko da shirin kansa bai canza ba.

Kada kuma a ɗora wa yankin kariya abin da ba zai iya ba. Hana kamun kifi a wani fili ba ya ƙara fitofilankton, ba ya tare taki ko ɗumamar ruwa. Abin da yake karewa shi ne halittun da ke taruwa a wurin. Idan wani ya zo muku da tayin zuba sinadarin ƙarfe a teku a matsayin taki don a bunƙasa fitofilankton a karɓi kuɗin kabon ɗin da zai nutsar, ku sani ƙasashen yarjejeniyar Landan kan zubar da abubuwa a teku sun amince tun 2008 cewa ba a yarda da hakan ba sai don binciken kimiyya na gaskiya.

Da ni ne a kujerarka, zan roƙi abokiyar aikin nan ta kawo wa zama na gaba taswirar wata-wata ta yankin, da jerin hidimomin da suka rataya a kan kowane wuri mai albarka, da wuraren da aka taɓa samun bunƙasa mai cutarwa ko ƙarancin oksijin. Sannan a ɗora taswirar ayyukan da ake nema a kai, a ga inda suka ci karo. A cikin rubutun shirin kuma a sa adadi: idan oksijin ɗin ruwan ƙasa ya sauka ƙasa da miligiram 2 a lita, wanda shi ne mizanin da aka saba ɗauka na shaƙewar ruwa, ko kulorofil ya haura iyakar da kuka tsayar bisa tarihin wurin, wace hukuma ce za ta motsa, cikin kwana nawa, kuma wane izini za a dakatar. A rubuta wanda zai biya kuɗin awon, a sa shi cikin sharuɗɗan izinin gonakin kifi da na fankoki tun kafin a sa hannu.